Wa Ke Sama da Sarki? Kazaure, NEPU da Iyakar Biyayya

Tun daga ranar 8 ga Agusta 1950, da wasu samari takwas suka haɗu a Kano suka kafa NEPU, har zuwa 1966 da sojoji suka haramta jam'iyyu, akwai tuhuma guda da ba ta daina bin 'yan Sawaba ba. Wai sun fita daga biyayyar sarakuna, kuma wanda ya fita daga biyayyar shugabansa ya saɓa wa Allah. An faɗe ta a fada, an maimaita ta a zauren dagaci, an ji ta a bakin wasu malamai wajen wa'azi, talaka kuma ya riga ya san ta a taƙaice tun yana yaro: bin na gaba bin Allah. Ba tuhumar da za a yi wa dariya ba ce. Aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta haɗa biyayyar ma'abota al'amari da ta Allah da Manzonsa, hadisan sauraro da ɗa'a suna da yawa kuma ingantattu ne, malaman Sunna tun da daɗewa sun ƙi yarda a zare wa shugaba takobi ko da azzalumi ne, don gudun fitina, wadda ta fi zaluncin muni. Duk da haka ina ganin tuhumar ba ta hau kan 'yan NEPU ba. Biyayyar da Musulunci ya wajabta biyayya ce ga shugaban da shi ma akwai inda ake kai ƙararsa, kuma wannan wurin kai ƙara shi ne abin da Turawa suka rushe a 1903. Hujja ta farko tana cikin tarihin yadda aka yi Kazaure ta zama masarauta.

Ibrahim Ɗantunku shugaban Fulani ne a arewacin ƙasar Kano, kuma yana cikin waɗanda suka taimaki jama'ar Shehu Usmanu lokacin da sarakunan Kano da Katsina da Daura suke neman haɗa kai su murƙushe jihadi. Ya zauna lafiya da Sarkin Kano Sulaimanu. Da Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Dabo ba ɗan ƙwace ba ne, Sakkwato ce ta naɗa shi, kuma Sarkin Musulmi a lokacin Muhammadu Bello ne, malamin da ya rubuta littattafai a kan siyasar shari'a, wanda ba wanda zai koya masa hukuncin mai tawaye. Aka shafe wajen shekara biyar ana gwabzawa a ƙasashen da ke tsakanin Dambatta da duwatsun Kazaure. A ƙarshe Bello ya shiga tsakani, kuma bai ce a kawo masa Ɗantunku a ɗaure ba. Ya tabbatar masa da ƙasarsa, wadda aka yanko daga gefen Kano da Katsina da Daura, ya sa ya riƙa bin Sakkwato kai tsaye. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi ya zauna a Kazaure. Duk sarkin da ya hau gadon Kazaure daga ranar zuwa yau, da hakiman Roni da dagatan Gwiwa da ke ƙarƙashinsa, halaccin sarautarsu yana tsaye ne a kan hukuncin da ya ce ƙin bin Sarkin Kano bai fitar da mutum daga jama'ar Musulmi ba.

Abin da wannan labari ya nuna yana da iyaka, kuma ya kamata a tsaya a iyakarsa. Bai nuna cewa tawaye halal ne ba. Ya nuna cewa a tsarin da Shehu da Abdullahi ɗan Fodiyo da Bello suka kafa, sarkin gari na'ibi ne, akwai na sama da shi, na saman ma littafi ne ke sama da shi. Ayar biyayyar da ake karantowa ba ta ƙare a kan biyayya ba, ta ci gaba ta faɗi inda za a mai da magana in an yi jayayya, wato ga Allah da Manzonsa, kuma wanda aka umarta ya mai da jayayya wani wuri an riga an yarda masa cewa zai iya yin jayayyar. A aikace an ga haka. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Sarkin Katsina Siddiku a 1844. An tuɓe sarakunan Zazzau fiye da sau ɗaya a ƙarni na 19. Wazirin Sakkwato yakan yi rangadin masarautun gabas, ya ji abin da ake ciki. Ba cewa ake yi tsarin ya yi aiki kullum ba: Buhari na Haɗeja ya ƙi tuɓuwa, ya kori rundunar da aka tura masa, ya yi mulkinsa har ya rasu a 1863, kuma naɗin Tukur da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi a 1893 shi ya jefa Kano cikin basasa. Alƙalin sama yakan yi kuskure, yakan kuma rasa ƙarfi. Amma akwai shi, kuma ma'aunin da yake iƙirarin yana awo da shi ma'auni ne da almajiri a tsangaya zai iya buɗe littafi ya duba.

Turawa sun ci Kano a farkon Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. A jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato bai ɓoye komai ba: ya ce ikon naɗa sarakuna da tuɓe su da ɗora haraji ya koma hannun Turawa da hakkin cin yaƙi, ya kuma yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Mutanen Kazaure ba su buƙaci tafinta ya fassara musu wannan ba, domin sun gan shi a maƙwabta. An kai Sarkin Kano Alu gudun hijirar dole, ya rasu a Lokoja, aka naɗa Abbas. A Katsina an tuɓe sarakuna biyu a jere, aka ɗauko Dikko daga wani gida a 1906. A shekarar nan aka kashe Sarkin Haɗeja Muhammadu a garinsa. A Daura, wadda ke arewa da Kazaure kaɗan, aka kawar da zuriyar mai tutar Shehu aka mai da sarauta gidan Haɓe. Sarkin da ya tsira da rawaninsa, kamar na Kazaure, ya karɓi sanda daga hannun Gwamna, ya yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa zai bi Sarkin Ingila da dokokinsa matuƙar ba su saɓa wa addininsa ba. Daga baya aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimi da alƙali albashi, aka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi don su tsaya a kan haraji. Manomin gyaɗa a Babura, wadda a lokacin gunduma ce ta Sarkin Kano, ko a ƙauyukan Roni, ga abin da ya sani na mulki: bayan kaka mai unguwa zai zo da sammaci, malamin haraji na zaune gaban dagaci da littafinsa, wanda ya biya a yaga masa takarda ya ninke ya sa a hula, wanda bai samu ba ya ja akuyar matarsa kasuwa ko ya tafi cin rani. Bafulatani kuma ana ƙirga masa shanu kai-kai don jangali, in abin ya yi masa yawa ya kora su cikin dare ya tsallaka ƙasar Faransa. A lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, ta hannun waɗannan masu sarauta ne aka yi ɗiban gwamna daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. In dagaci ya ƙara wani abu a kan abin da aka yanka, ƙara tana zuwa wurin hakimin da ya kawo shi, daga nan sai sarkin da ya naɗa hakimin, daga sarki sai Razdan, wanda babban abin da ke gabansa shi ne haraji ya cika kuma ƙasa ta yi shiru.

Malaman Sakkwato sun san abin da ya faru, kuma sun rabu biyu a kansa tun a makon farko. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, jama'a masu yawa suka bi shi gabas, aka kashe shi a Burmi a Yulin 1903. Waziri Buhari ya zauna, ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayanin dalilinsa, cewa ya halatta a yi mu'amala da masu rinjaye a zahiri don kare Musulmi da addininsu, ba tare da zuciya ta miƙa wuya ba. Ba na cikin masu zagin Waziri. Da kowa ya bi Attahiru, da an bar raunana ba mai tsaya musu, kuma zaman da sarakuna suka yi ya taimaka wajen tsare kotunan alƙalai da hana mishan sakewa a cikin masarautu. Sai dai hujjar Waziri hujjar larura ce, ita kuwa larura a wurin malaman fiƙihu gwargwadonta ake auna ta. Wanda yunwa ta tilasta wa cin mushe an yafe masa, amma ba a ba shi izinin ya kira walima a kansa ba. Larura ta wanke sarkin da ya karɓi sandar Nasara don kada a zubar da jini. Ba ta kai ta mai da umarnin Razdan, don kawai ya biyo ta bakin sarki, ya zama umarnin da saɓa masa saɓon Allah ne ba. Kuskuren da aka yi cikin shekara hamsin shi ne an manta cewa uzuri aka bayar, aka ɗauke shi a matsayin asalin hukunci.

Waɗanda suka tuno da wannan ba baƙin addini ba ne. Sa'adu Zungur ɗan gidan malamai ne a Bauchi, ya yi karatun Arabiyya mai zurfi kafin ya je Kwalejin Yaba. Malam Aminu Kano ɗan gidan alƙalai ne na Genawa, kuma tafsirinsa sananne ne. A cikin takwas ɗin da suka kafa NEPU akwai Mudi Sipikin mawaƙi, akwai Magaji Dambatta, ɗan garin da Ɗantunku ya zauna. Abin da ya sa maganarsu ta yi wa fada ciwo shi ne daga ɗakin karatun fadar suka ɗauko ta. A Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ya lissafa abubuwan da ya ƙi a mulkin sarakunan Haɓe, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunayensu na Hausa, ya soki gadon mulki da ƙarfi ba da shawara ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi saboda abin da ya fara gani na son duniya, ya iso Kano, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkami don koya wa masu mulki iyakarsu. Ɗan NEPU da ya tsaya a kasuwa ya ce jangali zalunci ne bai faɗi abin da Shehu bai faɗa ba. Gaskiya ne sanarwar manufofin Sawaba ta 1952 ta yi amfani da harshen gwagwarmayar talakawa da masu sarauta, wanda ƙamshin littattafan 'yan gurguzu ke tashi a cikinsa. Amma abin da ya shiga kunnen manomi da maɗinki da ɗan koli kalma ɗaya ce da ya riga ya sani daga bakin malaminsa, zalunci.

Za a ce kwatanta NEPU da Ɗantunku bai yi daidai ba, domin shi sarauta yake nema, ba adalci ga talaka ba, kuma hukuncin Bello sulhu ne na siyasa don a huta da yaƙi. Na yarda da rabin maganar, kuma rabin da na yarda da shi ƙara mini ƙarfi yake yi. In har an iya yi wa mai neman sarauta da takobi uzuri, aka ba shi ƙasa, da wane ma'auni za a kafirta mai neman a rage haraji da baki? Nan ne maganar fitina take rushewa. Abin da malamai suka hana shi ne fito-na-fito da makami. NEPU ba ta tara runduna ba. Ta nemi ƙuri'a, a zaɓen da hukumar da ta naɗa sarakunan ita ce ta shirya shi, wanda 'ya'yan sarakuna da hakimai su ma suka tsaya a cikinsa ƙarƙashin fartanyar jam'iyyar NPC. Ba zai yiwu shiga zaɓe ya zama ɗa'a ga mai cewa Salama, ya zama tawaye ga mai cewa Sawaba ba. Kuma a dubi yadda filin yake. Kafin a yi lacca sai an nemi izini daga En'e. 'Yan dokan da za su tsare taron na En'e ne. Wanda aka kama da laifin taro ba izini ko zagin sarki, gaban alƙalin da En'e ke biya za a kai shi, ba lauya, in an ɗaure shi gidan yarin En'e zai kwana. Gambo Sawaba ta sha ɗauri ta wannan hanya sau da yawa. A birnin Kano har ƙungiyar 'yan daba aka yi, wadda ake kira 'Yan Mahaukata, don tarwatsa 'yan NEPU. In ana neman wanda ya mai da saɓanin ra'ayi ya zama fitina, sai a fara dubawa ta nan. Abin da ya fi muni a wurina shi ne cin mutuncin da aka yi wa kujerar alƙali, domin yaron da ya ga an yi wa ubansa bulala da sunan shari'a saboda katin jam'iyya ya koyi wani abu game da shari'a wanda wa'azin shekara ba zai goge ba.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu sassauci, kuma ba su kasance 'yan amshin shata ba. Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo ya je Ingila a 1943 tare da Azikiwe, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da aka shirya, amma ya dawo yana faɗa wa Turawa da sarakuna illolin mulkin En'e. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna a Agustan 1950, watan da aka kafa NEPU, ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Da Anthony Enahoro ya kawo wa majalisar Legas, a Maris 1953, ƙudurin a samu mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a canza shi zuwa lokacin da ya dace, kuma dalilinsa ba na wasa ba ne: Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshi, in Bature ya tafi a gaggauce wani ne zai zauna a kujerarsa. Rikicin Kano na Mayun 1953 ya nuna yadda wutar take kusa. A mahangarsu, wanda ya girgiza sarauta a irin wannan lokaci ya girgiza ginshiƙin da ya rage wa Arewa, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wannan hujja ce ta maslaha, kuma mai hankali zai iya karɓarta a 1953. Amma a lura da abin da ta yarda da shi. Ƙudurin Ɓalewa ya amsa cewa cutar da NEPU ke faɗa gaskiya ce, saɓanin a kan magani ne da lokacin shansa. Saɓani a kan maslaha kuwa ijtihadi ne, mai kuskure a cikinsa ba a ce masa ya bar hanyar Allah. Inda masu sassauci suka yi laifi shi ne sun bar magoya bayansu suna sayar da ra'ayin siyasa da sunan farilla, saboda hakan na kawo ƙuri'a. Gyaran da suka yi alkawari ma ya zo da wuya, tun da jam'iyyarsu a kan En'e ta tsaya. A zaɓen 1951 mai hawa-hawa NEPU ta yi ƙoƙari a matakin farko a Kano, amma aka tace ta kafin mataki na ƙarshe, inda En'e ke da ikon cusa nata mutanen.

Saura zargi biyu. Na farko, cewa NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe a 1954, wato ta jiɓinci waɗanda ba Musulmi ba. Wannan ba ya buƙatar dogon jawabi: masu zargin sun yi rabin ƙarni suna aiki da Razdan, kuma bayan zaɓen 1959 NPC da NCNC ɗin ce suka kafa gwamnatin tarayya tare. Na biyu ya fi wuya, cewa talakawan da ake magana da sunansu sun ƙi NEPU, don a 1959 NPC ta ci kujeru 134, NEPU ta tashi da 8. Wani ɓangare na amsar yana cikin abin da aka faɗa game da izinin lacca da kotun alƙali, kuma matan Arewa gaba ɗaya ba su jefa ƙuri'a ba a lokacin. Amma ba duka ke nan ba. Mutane da yawa sun zaɓi NPC da zuciya ɗaya, don suna son sarkinsu, ko suna tsoron rinjayen Kudu, ko kuma rashin kunyar wasu samarin NEPU ta kore su, domin akwai waɗanda suka ɗauka zagin dattijo shi ne 'yanci. Sai dai yawan ƙuri'a yana nuna wanda zai yi mulki ne, ba ya yanke hukuncin wanda ya yi zunubi. A tsallaken iyakar Babura, a Nijar, an ga irin wannan da wani salo: jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a a ƙuri'ar raba-gardamar de Gaulle ta Satumba 1958, Faransa ta jingina da sarakunan gargajiya ta kayar da ita, aka haramta ta a 1959. A can ba a yi wahalar neman aya sosai ba, ƙarfin hukuma ya wadatar.

Abin da ya biyo bayan 'yancin kai ya warware gardamar ta hanyar da ba wanda ya zata. A 1962 gwamnatin Sardauna, ta jam'iyyar da ta yi shekaru tana wa'azin biyayya, ta sa aka binciki kuɗin En'en Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya sauka aka kai shi Azare, kuma ba a ji an ce Sardauna ya saɓa wa Allah ba. Kowa ya gane cewa sandar da ta bar hannun Sarkin Musulmi ta koma hannun Gwamna Bature, yanzu ta koma Kaduna. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. A 1979 PRP, magajiyar NEPU, ta ci tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ke cikinta kafin a yanke Jigawa a 1991, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali. Shekara biyu bayan haka gwamnatin nan ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, aka yi tarzoma ranar 10 ga Yuli 1981, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. A ranar 'yan Sawaba ne ke riƙe da sandar naɗi da tuɓewa, su ne kuma suke neman a yi musu biyayya.